Yadda Muka Mayar da Malamin Aji Kaka

'Yata tana aji uku na firamare malaminsu ya aiko a kira ni. Makarantar kuɗi ce a nan Nassarawa, irin waɗanda suka ɗauko manhajarsu daga waje, har da makin da ake ba yaro idan ya yi magana a aji. Malamin saurayi ne ɗan unguwar Gama, mai fara'a. Ya ce yarinyar tana da kai, rubutunta ba laifi, amma ba ta ɗaga hannu, ba ta tambaya, ko sunanta ya kira sai ta kafa wa takalminta ido. Idan ba ta canza ba kafin ƙarshen shekara, za ta maimaita aji.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tun tana rarrafe nake fama da ita kan kada ta tsare babba da ido. A Islamiyyar da take zuwa da yamma, saboda wannan sunkuyar da kan ake nuna ta ga sauran yara a ce su yi koyi da ita. Abin da ake yaba mata bayan la'asar shi ne laifinta da safe, kuma ni aka ce in gyara.

Na gwada. Na zaunar da ita a falo na ce ta kalle ni. Ta kalli kunnena. 'Yar fari ce, ni kaina ba na iya kiran sunanta, to ina na ga ƙarfin idon da zan koya mata? Babanta ya karɓa, abin ya ƙara lalacewa, don a gabansa har muryarta ɗaukewa take yi. Daga ƙarshe ta fashe da kuka, ta ce ita dai ba ta son ƙawayenta su wuce aji huɗu su bar ta da ƙannensu. Wannan kukan ya taɓa ni.

Ranar Asabar muka je gaida mahaifina a Giginyu. Tsohon hedimasta ne, ya daɗe da yin ritaya, amma har yau idan ya yi gyaran murya sai na duba ko na zauna daidai. Ina cikin ba shi labari, yarinyar da aka ce ba ta magana ta cire masa hula ta ɓoye a bayanta, ta ce ba za ta bayar ba sai ya faɗa mata dalilin da ya sa tsofaffi ke barci a zaune. Ido cikin ido take maganar, har da riƙe ƙugu. Ba mai tsawata mata, don tsakanin jika da kaka wannan wasa ne da kowa ya sani.

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce a zamaninsu ɗalibin kirki da shirunsa ake gane shi: malam ya faɗa, aji ya maimaita, a tashi. Amma ba wai ba su da tambaya ba ne. Tara ta suke yi su kai gida, su sauke wa kakanni, don can ne aka yarda yaro ya yi gardama. Ya ce masu sabuwar manhajar nan ɗakin kaka suka ɗauko suka kai aji, sai dai sun manta ba su faɗa wa yaran ba. Sannan ya janyo ta ya ce:

"Daga yau malaminku kakanki ne. Yadda kike yi mini, haka za ki yi masa."

Na buɗe baki zan ce wani abu, ya yi gyaran murya, na rufe.

Maganin ya yi aiki, har ya wuce inda ake so. Da farko ta fara ɗaga hannu. Daga nan ta tambayi malamin me ya sa gemunsa ya ƙi cika. Ta ɓoye masa alli. Ya aike ta ofis, ta dawo ta tsaya tana jiran tukuici. Duk ita take ba ni labari a mota, tana murna. Da aka sake aiko mini saƙo dab da hutun ƙarshen shekara, na ce shi ke nan, da maimaita aji za ta yi, yanzu kora ce. Baba ya ce tun da shi ya haɗa abin, da shi za a je.

Muka shiga ajin bayan an tashi, Baba a gaba da sandarsa da babbar riga. Malamin yana ganin furfura ya miƙe, ya zagayo teburinsa, ya durƙusa har ƙasa yana gaisuwa. Baba ya tambaye shi aiki, ya tambaye shi iyayensa, ya tambaye shi yadda yarinyar take. Duk amsar a ƙasa ya ba da ita, idonsa a kan sandar Baba. Da ƙyar muka ji yana cewa ta ci makinta, ta wuce aji huɗu, dama ya kira ne don ya ji me aka yi mata a gida, ko sauran iyaye za su amfana.

Yarinyar tana gefe tana kallonsa, ta ɗaga hannu kamar ana cikin darasi. Ba wanda ya ba ta izini, ta ce:

"Malam, ka kalle shi mana. Ba ya duka. In ba ka kalle shi ba, kai ma sai ka maimaita aji."

Malamin ya ɗago, ya dubi Baba na ɗan lokaci, ya sake sunkuyawa yana dariya. Ni ma na yi dariya har da hawaye, amma a cikin mayafi na yi ta, don Baba yana wurin.