Habsatou Mai Awara Ta Goge Sunanta

Duk wanda ya ci awara a bakin tashar Bande cikin shekaru goman nan, ta Habsatou ya ci. Mijinta ya rasu ya bar mata kasko da 'ya ɗaya, Hidaya. Uwa na suya, 'ya na barbaɗa yaji. Habsatou ta yi lakwal har aji shida, tana ji da rubutunta, shi ya sa da ta sayi babbar salula ta shiga wani zauren mata na intanet, inda ake kawo damuwa ana ba da shawara.

Tarbiyya ce ta ja mata. An koya mata ba a shiga zauren mutane sai da sallama, sai an faɗi daga gidan da aka fito. Sauran mata na fakewa da sunan fure, ita kuwa kowane rubutu sai ta fara da: "Ni ce Habsatou 'yar Malam Kyari, mai awara a tashar Bande." Haka ta fara ran da Hidaya ta faɗi tana kumfar baki, ta nemi wanda ya san maganin farfaɗiya.

Addu'a kam ta samu. Kwana uku, wata ta ɗauki hoton rubutun, ya bi wayoyi har Magaria. Mutanenmu sun riƙe cewa a yawu ake ɗaukar farfaɗiya; likita ya ce ƙarya ne har bakinsa ya gaji. 'Yan kabu-kabu suka koma wajen mai ƙosai. Awara ta riƙa tsami a roba.

Habsatou ta shiga mota zuwa Magaria, wajen Salisu mai gyaran salula.

"Ɗana, goge mini kont ɗin nan, a cire sunana daga zauren. Da rubutun duka."

"Inna, shekara shida fa kina zuba."

"Ba tarihi na zo ji ba."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, tana tsaye a kansa. Da ya gama ya miƙo mata wayar.

"Naki ya tafi. Wanda ke wayoyin mutane kuwa, sai dai ki bi su gida-gida."

"Da ina iyawa, da na bi."

Yau Hidaya na shan maganin asibiti, ta shekara ba ta faɗi ba. Wannan ba wanda ya ɗauki hotonsa. Masu saye sun dawo, rabinsu, kuma kowa kafin ya miƙa hannu sai ya leƙa bayan Habsatou.

"Yarinyar fa?"

"Tana Dogo-Dogo, wajen gwaggonta."

Sai a saki jiki a ci, a nemi ƙarin yaji. Hidaya kuwa tana nan Bande, bayan danga. Ita ke jiƙa waken, ita ke tacewa, ita ke yanka awarar. Shekararta ashirin, kuma ko ƙofar gida uwarta ba ta barin ta leƙa.