Ƙofar Jirgi Ta Raba Ni da Yaya a Landan

Ana sallame asuba muka bar Birnin Gwari. Motoci biyar ne a jere, don yanzu ba mai ratsa dajin nan shi kaɗai. Ina leƙen itatuwan kaɗanya ta taga, raina ya sosu. Nan muke tsintar 'ya'yan kaɗe ni da yayana muna yara, har rana ta yi tsaka ba abin da muke tsoro sai maciji.

Wurin yayan nawa za ni. Shekararsa goma sha tara a Landan bai leƙo gida ba, Inna kuma ƙarfi ya ƙare. Saƙonta ɗaya ne: ya zo ta gan shi tun tana gani.

Daga Kaduna sai Abuja, washegari na ganni a Landan. Yaya ya tarbe ni, ya yi furfura, Hausarsa ta yi nauyi kamar an jiƙa ta. Kwana uku ina juya saƙon a baki, da na ɗauko zancen gida sai ya ce, “Bari dai ka huta.”

Ran na huɗu ya ce mu shiga gari a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Jama'a, rami ne ya amsa sunansa! Matakala ce ke tafiya da kanta, ta yi ta gangarawa da mu har na fara salati. Ga ɗumi, ga wata iska da ke riga jirgi isowa. Mutane cunkus amma tsit, kowa ya kafa wa wayarsa ido. Na yi sallama a tarago, ko tari ba wanda ya yi. A motar Randagi, can wajenmu, kafin a kai kasuwa ka san wanda akuyarsa ta haihu.

A tashar da za mu canza jirgi na tafka ta. Ƙofa ta buɗe, na ja baya na ce, “Bismilla, Yaya.” Ina ni ina shiga gaban babba? Ya shiga, wata tsohuwa ta zo, na sake kaucewa. Ƙofa kuwa ba ta san girma ba, ta rufe ƙirif. Ina kallon Yaya yana dukan gilashi jirgi ya shige rami da shi.

Layin wayata na gida ne, ba ya aiki a can. Turancina bai fi na sayen burodi ba, sunan unguwarsa ma ban riƙe ba. Wallahi na tsorata. Sai na tuna dokar Baba in za mu daji: wanda ya ɓace ya zauna inda aka rabu, mai nema shi ke yawo. Na samu benci na zauna. Jirgi bakwai na ƙirga.

Can sai ga shi yana haki. Ashe a garin, wanda aka bari shi ke bin jirgi na gaba, don haka ya tsaya jirana a tasha ta gaba. “Ina tsaye sai na ji muryar Baba,” in ji shi. “Na ce wannan ɗan ƙauyen yana nan inda na bar shi.”

Muka yi dariya, dariyar ta koma hawaye. A kan bencin nan na faɗa masa: “Yaya, idon Inna ya kusa tafiya. Ta ce ka zo.” Sai ya tambaye ni ko tsamiyar ƙofar gida tana nan.

Tafiyar ta koya mini cewa nisa ba ya kankare abin da aka zuba wa mutum tun yana ƙarami, sai dai ya binne shi.

Bayan sati biyu na dawo. Da na yi sallama Inna ba ta dubi jakata ba, bayana take leƙe.

“Kai kaɗai?”

Na ce, “Ya ce da ƙaramar salla, Inna.”

Saura wata biyar salla, amma a ranar ta sa aka share ɗakinsa.