Tsohon Da Ya Ƙi Buga Ƙararrawa

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kakana Malam Ɗanjuma, masinjan elementaren Kibiya, Allah ya jiƙansa. Ni jikarsa ce, abokiyar wasansa, don haka masu karatu su yi haƙuri in na ɗan taɓa shi. Siriri ne ƙwarai, in iska ta taso sai mun riƙe masa riga kada a tsince shi a Rano. Aikinsa buga ƙararrawa, wato guntun ƙarfen da aka rataye a tsamiya.

Mu bakwai ne muke zuwa makaranta daga hayin rafi, ta wajen Fammar. Sai aka kawo sabon hedimasta daga Kano, agogo a hannu, bulala a hammata. Ya kafa doka: wanda ƙararrawa ta riga shi, bulala shida. Damina ta sauka, rafi ya cika, doka tana nan daram.

Wata safiya muna jiran ruwa ya janye, sai muka jiyo ƙararrawa daga nesa. Ƙawata Talatu, wadda bayanta bai huce daga dukan jiya ba, ta ɗora littafinta a ka ta faɗa. Ruwa ya kwashe ta. Ba don wani Bafulatani mai kiwo ya miƙa mata sanda ba, da mun rasa ta. Nan kam ban ƙara gishiri ba.

Da aka sake yin ruwa muna can bakin rafi, amma 'yan cikin gari sun kwashe mana labari kaf. Lokaci ya yi, Kaka na zaune yana cin goro. Hedimasta ya fito.

"Malam Ɗanjuma, takwas ta wuce!"

"Ranka ya daɗe, 'yan hayi ba su iso ba."

"Agogo ne zai jira su?"

"Agogo naka ne, ƙarfe nawa. Ni na buga ranar nan yarinya ta shiga ruwa. In makara ce, yau ni na makara. Ga bayana."

Ya fara tuɓe riga. Hedimasta ya rantse zai sa hukumar En'e ta kore shi, ga shi da aikin nan Kaka yake ci da gida. Kaka ya ce ya yarda, amma a fara zuwa a ga rafin.

Suka zo. Hedimasta ya naɗe wando zai nuna mana ragwanci ne kawai. Taku uku, ruwa ya ƙwace masa takalmi, ina jin yanzu ya kai Ikko. Ya fito a jiƙe, ya daɗe yana kallon Talatu. Tun ranar, in an yi ruwa ba a buga ƙarfe sai an ga 'yan hayi.

Yau ga mulkin kai, har an yi wa rafinmu 'yar gada, ko da yake ruwa kan hau ta. Da Kaka zai leƙo, sai ya yi tsalle a kanta kafin ya yarda da ita, sannan ya tambaya, "Yaran ƙauyukan da ba su da gada fa?" Malaman makarantu, ku za ku ba shi amsa.

A hutun nan na tambayi ƙanena Sale, ɗan aji biyu, wanda bai taɓa shiga ruwa don tsoron bulala ba, wa ya kafa dokar jiran 'yan hayi.

"Gwamnati mana, Yaya."

Na ɗaga hannu zan zuba masa ranƙwashi, sai na tuna jikar wa ce ni. Na zaunar da shi na ba shi labari.