Mai Bargon Kashe Wuta

Tela ta ajiye almakashi ta fito bakin shago, don yau ƙofar kasuwa ta cika maƙil. Wata mata ce, gajera, kakkaura, muryarta kamar lasifika, ta kafa risho tana tallan bargon kashe wuta. Da gangan ta bar mai a kasko har ya kama.

"Ruwa! Ruwa!" in ji wani dattijo, yana rugowa da bokiti.

"Baba, tsaya nan! Ruwa a kan mai? So kake mu ƙone gaba ɗaya?"

Ta fizgo farin bargo, ta naɗe hannayenta a bakinsa, ta kare fuska, ta lulluɓe kaskon a hankali kamar mai rufa jariri. Ta kashe risho. Wuta ta yi tsit, jama'a suka ɓarke da tafi da shewa!

Idon tela kuwa yana kan rigar matar. Hannun rigar na hagu an ƙara masa tsawo da wani yadi, ga tabon ƙuna yana leƙowa ta ƙarƙashi. Wa ya sani, ko ita ma ta taɓa rugawa kicin da bokiti?

Tela ba ta iya ganin yadi ta ƙyale. Ta matsa, ta kama gefen bargon za ta ɗaga. Caraf matar ta riƙe mata yatsu da wannan hannun mai tabo.

"Bari ya huce, 'yar'uwa. Ni na taɓa leƙawa."