Malamin da ke faɗowa ɗaki ba sallama

Ni na tsaya wa matar ɗana har ya yarda ta ci gaba da karatun malanta. Ɗan nawa fataucin dabbobi yake yi tsakanin Mashi da Nijar, kuma ba ya son ta riƙa fita in ba ya gari. Da aka ce karatun ta kwamfuta ake yi, daga cikin ɗakinta, na ce masa ya bar min, idona na kanta. Ban yi boko ba, amma na san tsaron gida.

Da hantsi nakan shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarta ina tsinkar zogale. Malamin nasu yakan yi bayani, ga fuskokin ɗalibai reras a gilashin kwamfutar, sannan ya ce zai raba su ɗaki-ɗaki su tattauna. Ta ce min ɗakin ba na gini ba ne, cikin na'urar yake, 'yan kaɗan ke keɓewa, sauran ba sa ganinsu. Na ce to a haɗa ta da mata. Ta roƙa, aka haɗa.

Wata rana da bazara, ga zafi ga ba wuta, suka keɓe mata zalla. Wata 'yar Sandamu ta fara cire hijabi, sauran suka bi. Tawa ma ta ajiye nata, ta ɗauki jaririnta tana ba shi nono, suna ta musu kan aikin da aka ba su. Ban hana ba. Mata ne a ɗakinsu.

Kwatsam sai ga fuskar namiji a tsakiyarsu. Ba sallama, ko gyaran murya babu. Wai, "To, ina muka kwana?"

Matar ɗana ta rarumi zanin goyo ta rufa, jariri ya tsala kuka. Na ture faifan zogale na matso gaban abin.

"Kai malam, a gidanku haka ake shiga wa matan aure?"

"Wace ce wannan? Au, Hajiya, ina kwana. Ai aji ne, ba gida ba."

"Aji? Wannan gadon da kake hange na makarantarku ne?"

"A yi haƙuri, Hajiya. Dole in zaga ba sanarwa, in ba haka ba hira za su yi ta yi. Kuma na'urar ba ta da ƙofar bugawa."

"Bakinka fa? Shi ma na'urar ce ta riƙe?"

Matar ɗana na jan gefen zanina. "Inna, don Allah, shi ke ba da maki."

Na koma kan tabarmata, ba don na huce ba. Ko mai tallan ruwa ba ya wuce zaurenmu sai ya ce a gafarce shi, balle mai ilimi.

Na liƙa ƙyalle a idon kwamfutar. Washegari malamin ya ce wadda ba a ga fuskarta ba, ba ta zo aji ba. Ta cire ƙyallen.

Da ɗana ya dawo ni na faɗa masa, kafin ya ji a bakin wani. Ya ce karatu ya ƙare. Na ce bai ƙare ba, laifin ba nata ba ne, ba za a kwashe mata wahalarta a zubar don wani bai iya sallama ba. Daga ƙarshe ya ce to, amma kada ta ƙara cire hijabi.

Haka take karatun har yau, a lulluɓe, gumi na zuba, a tsakiyar ɗakin aurenta kamar baƙuwa. Shi kuwa malam yana nan yana faɗowa yadda ya saba.