Rufe-Ruf a Ƙasar Ruwa

Duk wanda ya taɓa zama da Rufe-Ruf ya san ba a gama shan shayi da shi bai kawo labarin ƙofofin bene ba, kuma ba ya raga wa kansa ko kaɗan a ciki. Kafinta ne, gajere mai faɗin kafaɗa, da fensir a bayan kunne ko wanka zai shiga. Sunan tun yana gida ya same shi, kafin ya je ƙasar waje, a rumfarsa ta bakin titi. Idan ya kafa ƙyaure a firam sai ya kira mai gidan, ya miƙa masa reza ya ce ya gwada zura ta a tsakani. Reza ba ta shiga. Daga nan ya tura ƙyauren da ɗan yatsa ya rufe ruf, shi kuma ya juya yana kallon sama kamar ba shi ya yi aikin ba. A wurinsa, kafintan da ke barin tazara a ƙofa ko dai malalaci ne ko makaho, babu na uku.

Wannan ra'ayin ne ya raba shi da Auta, ƙanin matarsa, wanda aka kawo masa koyon sana'a. Auta ba shi da ƙiwa, amma duk ƙofar da ya kafa sai ka hango haske ta gefenta. Wata rana, a gaban masu sayen kujeru, Rufe-Ruf ya cire ƙyauren da Auta ya wuni a kansa ya jingine shi a bango, ya ce masa ya je ya nemi wata sana'a, hannunsa da katako ba su san juna ba. Auta ya ɗauki rigarsa ya ce, “Allah ya huci zuciyarka, Yaya,” ya tafi. Matar Rufe-Ruf kuwa ta bar abincin gidan ya kwana biyu babu gishiri.

Shekaru suka tura. Mai walda ya kafa shago a gefen rumfar, mutane suka koma ƙofar ƙarfe, wai ta fi hana ɓarawo. Rufe-Ruf ya yi ta yi musu wa'azi a kan darajar katako, suna gyaɗa kai, suna wucewa wurin maƙwabcinsa. Har ta kai aikinsa ya koma gyaran ƙafar benci da buga wa tsofaffin kujeru ƙusa. Yana zaune yana korar ƙuda, tartsatsin walda na faɗowa kusa da takalminsa.

A lokacin Auta ya daɗe da tsallaka iyaka. Ya yi gaba, ya samu shiga wurin wani ɗan kwangila mai gina benaye, har ya zama shugaban kafintocinsa. Shi ya kira yayarsa a waya ya ce ana neman mai kafa ƙofa, in Yaya zai zo zai tsaya masa. Matar ta kawo maganar a hankali, tana jiran tsawa. Rufe-Ruf ya sosa kunne, sannan ya ce, “To, yaron nan da ma aikin ya fi ƙarfinsa. Bari in je in taimaka masa.” Haka ya faɗa wa kowa a layinsu, wai taimako zai je. Rumfar kuwa mai waldar ya sayar wa, ya yi kuɗin mota da na takardu. Wato in ya dawo babu inda zai jingina zarto.

Wanda ya tarye shi a tasha ba Autan da ya sani ba ne. Mutum ne da gemu da ɗan tumbi, da hular kwano a hannu, yana magana da direbobi cikin yaren ƙasar kamar a can aka haife shi. Amma yana ganinsa ya rusuna, ya karɓe akwatin kayan aikin ya ɗora a kafaɗa. A hanya ya yi masa bayani dalla-dalla. Gwaji za a yi masa har a gama benen da ake ginawa. Takardar izinin aikinsa tana rataye da ta Auta, domin shi ya tsaya masa. In aka samu matsala daga wurinsa, su biyun za a sallama.

“Matsala a ƙofa?” in ji Rufe-Ruf. “Ka manta da wa kake magana.”

Ɗakin da aka sauke shi na ma'aikata ne, gadaje hawa biyu, igiyar shanya ta ratsa tsakiya, da risho ɗaya a lungu. Gadon sama ya samu, shi da bai taɓa kwana nesa da ƙasa ba. Tun makon farko ƙasar ta yi ta ba shi labarin kanta, shi ne bai saurara ba. Rigar da ya wanke da safe tana nan da danshinta har washegari. Gishiri ya dunƙule a gwangwani. Ashana sai ka ƙyasta rabin kwali kafin ɗaya ta kama. Duk ya gani, ya ce kayan ƙasar ne ba su da kyau.

Ranar da zai fara aiki, Auta ya kai shi hawa na ƙarshe, inda ƙyamare ke jingine a jere suna jiran hinji. Ya bari sauran kafintocin suka yi nisa, sannan ya ciro wani ɗan ɓallin katako siriri daga aljihu ya miƙa masa da hannu biyu.

“Yaya, nan ƙasar sai an bar wa ƙofa tazara kamar kaurin wannan, sama da gefe. Yanzu rana ake yi. In ruwa ya sauko ba ya ɗaukewa da wuri, katako kumbura yake yi.”

“Mu a can ba a ruwa ne?”

“Ana yi, Yaya. Ba irin wannan ba.”

Rufe-Ruf ya karɓi ɓallin ya ce ya ji. A ransa kuwa dariya yake yi. Ashe tsohuwar cutar tana nan, ta ma samu uzuri, an sa mata suna ruwan sama. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, haka ya faɗa wa kansa. Da yamma ya cusa ɓallin a ƙarƙashin ƙafar gadonsu da ke rawa, ya ce ga aikin da ya dace da shi.

Ya yi aiki kuwa, ba za a ci haƙƙinsa ba. Kowane ƙyaure ya fere shi a tsanake, ya goge gefensa da samfefa har ya yi santsi, ya ɗaura hinji, ya gwada da reza. Ba ya jin yaren kowa, ba mai jin nasa, don haka da katako yake hira. Duk yamma Auta yana bin hawa-hawa yana duba aikin kafintoci, yana sa a cire wannan a sake wancan. Idan ya iso hawa na ƙarshe sai ya tsaya a bakin matakala ya ce, “Sannu da aiki, Yaya,” ya juya. Kunya ba ta bar shi ya sa ido a aikin wanda ya koya masa riƙe zarto ba. Rufe-Ruf ya ɗauki wannan a matsayin shaida. Da ɗan kwangilar ya zagayo wata rana ya tura ƙofa ɗaya ta rufe ba ƙara, ya ɗaga masa babban yatsa, ai sai kansa ya ƙara girma. Ya kira gida ya ce wa matarsa ta gaya wa mai walda ƙasar waje ta san kafinta.

Sai ruwa ya sauko. Ba irin na gida ba, mai zuwa da fushi ya wuce a shanya kaya. Wannan zama ya zo yi. Yau yayyafi, gobe kamar da bakin ƙwarya, jibi kuma hazo mai jiƙa riga. A lokacin an mayar da Rufe-Ruf ƙasa yana haɗa kabad na kicin, ƙofofinsa na sama duk an bar su a buɗe don fenti ya bushe. Bai leƙa su ba. Me zai leƙa, aikin da ya riga ya gama?

Ranar da mai benen ta zo duba gininta, wata dattijuwa mai tabarau da jaka a hammata, ɗan kwangilar ya ja ta har hawa na ƙarshe don ya nuna mata ƙofofin da ya yi ta ba ta labari. Aka kira Auta da Rufe-Ruf su tsaya kusa. Rufe-Ruf ya gyara fensir a kunne. Ɗan kwangilar da dattijuwar suka shiga ɗaki su biyu, ya tura ƙofar da yatsa yadda ya ga ana yi. Ta tsaya a hanya. Ya tura da tafin hannu, ta ƙi. Shi kuma ga baƙuwa tana kallo, sai ya sa kafaɗa ya banka ta. Ta shiga da wani irin kuka, ta rufe.

Ruf ɗin da ta yi, Rufe-Ruf bai taɓa jin irinsa ba, kuma jikinsa ya ba shi tun kafin a taɓa hannun ƙofar. Aka murɗa daga ciki, shiru. Aka ja, aka jijjiga. Daga waje Auta ya sa kafaɗa, wasu ƙarti biyu suka taya shi, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Hinjin yana ta ciki, taga kuma hawa na ƙarshe ce. Muryar dattijuwar ta fara tashi. Ko ba ka jin yare ka san zagi in ka ji shi.

Auta ya miƙo wa Rufe-Ruf guduma da kurfi, bai dube shi ba. Da hannunsa ya fasa ƙyauren da ya fi kowanne ba shi wahala, yana sara ɓallin katako na tsalle, ma'aikatan benen duk sun hau sun cika baranda suna kallo. Ya ce a rayuwarsa bai taɓa fatan aikinsa ya zama na banza ba sai ranar, amma ina, ƙofar ta yi ƙarko yadda ya so. Da aka samu rami, dattijuwar ta fara miƙo jakarta, sannan ta sunkuyo ta fito, ta dube shi sama da ƙasa ta cikin tabarau, ta wuce. Aka bi sauran ƙofofin hawan ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta yarda ta shiga firam ɗinta.

A nan barandar ɗan kwangilar ya tsayar da su. Ya yi ta faɗa yana nuna Auta, Auta yana amsawa a hankali, hannunsa a ƙirjinsa. Rufe-Ruf bai ji kalma ɗaya ba, amma ya gane hannun. Laifin yake ɗauka.

“Me kake gaya masa?”

“Na ce ni ne ban duba ba. Gaskiya ce ai.”

“Gaya masa ka faɗa min na ƙi ji. Gaya masa ka ba ni ma'auni na sa shi a ƙarƙashin gado.”

Auta ya juya ya faɗi wata magana gajeriya, wadda ko kusa ba ta kai tsawon wannan ba. Nan Rufe-Ruf ya gane Auta bai faɗa ba. Mutumin da ya wulaƙanta zai rasa abincinsa saboda shi, ga mata da yara a wannan ƙasa, shi kuma ko tona wa kansa asiri ba zai iya ba sai ta bakin Auta. Sai ya shiga tsakaninsu. Ya nuna Auta, ya haɗa yatsu biyu ya bar tazara a tsakani. Ya nuna kansa, ya toshe kunnuwansa biyu. Sannan ya ƙwanƙwasa fasasshen ƙyauren, ya ƙwanƙwasa goshinsa, ya sake yi, don a ji duk ƙara ɗaya suke yi. Wani a baranda ya fashe da dariya. Ɗan kwangilar bai yi ba, amma ya daina ihu.

Ba a sallame su ba. An ce Rufe-Ruf ya sauke ƙofofin duka ya rage su, gwajinsa kuma ya koma sabo. Auta kuwa an cire shi daga shugabanci, aka ba wani da shi ya koya wa aiki, ya koma cikin leburorin katako da guduma a ƙugu. Wannan shi ne abin da har yau in Rufe-Ruf ya zo kansa dariyarsa take tsayawa. Ya ce da Auta ya zage shi, ko ya kwana biyu bai gaishe shi ba, da ya samu sauƙi. Amma washegari da safe sai ga shi a bakin ɗaki, ya rusuna ya gaishe shi, ya miƙa hannu zai ɗauki akwatin kayan aiki. Rufe-Ruf ya riƙe akwatin gam, ya ce yau dai shi zai ɗauki abinsa.

A hawa na ƙarshe ya kwance ƙyaure na farko ya kwantar a kan benci. Ya zaro fensir ya ja layi a gefe, ya fere har layin, ya ɗaga ya gwada a firam. Haske ya ɗan leƙo ta tsakani, ya ji kamar an cire masa haƙori. Ya tsaya yana kallo. Ya isa ko bai isa ba? Shekarunsa duka a sana'ar nan, bai sani ba. Auta yana can ƙarshen baranda yana jan katako tare da wasu, ruwa na bugun kwanon rufi, sai an ɗaga murya za a ji. Ya yi gyaran murya sau biyu kafin maganar ta fito.

“Auta, zo ka duba min wannan.”

Ma'aikata suka ɗago kai. Auta ya ajiye katakon, ya goge hannu a wando, ya zo. Ya tsuguna ya bi gefen ƙofar da ido tun daga ƙasa har sama, ya sa farce a tazarar.

“Ƙara kaɗan, Yaya.”

Rufe-Ruf ya sauke ƙyauren, ya mayar da shi kan benci, ya ƙara.