Wasiƙar da Ta Sama wa Baba Aiki

Wata Lahadi, ranar kasuwar Hadejia, a daminar da nake aji uku na elemantare, Baba ya dawo gida da takarda a cikin hula don kada ruwa ya taɓa ta. Ina tsakar gida ina feɗe tarwaɗa, ya ce in wanke hannu in karanta masa. Wani kamfanin Turawa mai sayen gyaɗa ne ke neman mai fito da zai riƙa haye kogi da buhuna, Baba kuwa bai san boko ba, sai ya je wajen Malam Ɗanjuma, mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwa.

Na fara karantawa da ƙarfi ina taƙama, Inna ma ta bar daka. Ban kai layi na uku ba muryata ta dusashe. Wai Baba bawa ne ƙasƙantacce, matsiyaci, 'ya'yansa na kwana da yunwa, ya faɗi gaban takalmin Bature yana roƙo. Mu da kifi ke ruɓe mana a gida! Tun daga sama har ƙasa babu inda aka ambaci kwalekwale. Raina ya ɓaci, na ji kamar na taka kashin kare.

Baba ya ce, "To, ina kogin a ciki?"

Ya sa na yago takarda daga littafina, yana faɗa ina rubutawa: shekararsa ashirin yana tuƙi tsakanin Hadejia da Guri, ya san inda ruwa ke juyi da inda yashi ke kama jirgi, bai taɓa kifar da kayan kowa ba. Layi biyar kacal. Ya dangwala yatsa, muka kai tare.

Akawun kamfanin ya karanta, ya riƙe ta da yatsa biyu. "Wannan ai babu ladabi. Kai za ka gaya wa Bature ka iya?" Ya miƙo mana abinmu.

A shekarar ambaliya ta cinye mana shinkafar fadama, ga shi an hana kamun kifi a gefenmu. Kwana huɗu Baba na zaune a gida. Rana ta biyar ya ɗauki wasiƙar Malam Ɗanjuma ya fita shi kaɗai, bai yarda na bi shi ba. Kafin azahar an ba shi aikin. Inna ta yi tuwon shinkafa don murna, shi kuwa ko loma bai kai baki ba.

Yanzu jikokina kan kawo mini wasiƙunsu na neman aiki in duba. Duk inda na ga roƙo sai in soke, in ce su faɗi abin da suka iya, kuma akan ɗauke su a haka. Ina ma Baba ya ga wannan zamani. Shi sai da ya ƙaryata kansa aka bar shi ya yi abin da ya fi kowa iyawa.